Baba da ƙwallon da ta bar fili

Jiya da la'asar ina canza tasha a talabijin sai Baba ya ɗaga hannu. "Tsaya nan." Wasan golf ne ake nunawa, wanda ake buga 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami.

Da ƙuruciyarsa ya yi shekaru a Kaduna yana ɗaukar wa 'yan wasan jaka, kafin ya koma noma a Ruwan Godiya. Tun da rashin tsaro ya taso mu zuwa Funtua bai ƙara ganin gonarsa ba, magana ma ya rage.

Amma jiya bakinsa ya buɗe. Ya ce kowane rami da adadin bugun da aka yanka masa, shi ne par. Ka rage ɗaya, birdie ke nan, ka ƙara ɗaya, bogey. Kwarin yashin can kuwa bunker ne, wanda ya faɗa sai ya yi gumi. Da aka nuno green, lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, sai ya ce haka fadamarmu take in damina ta zauna.

Can wani ya buga ƙwallo ta bar fili gaba ɗaya. Na ce, "Baba, wannan ya fita ke nan?"

"A'a. Tarar bugu ɗaya za a ci shi, ya koma inda ya taso ya sake." Ya jima yana kallon ciyawar. "Su ana barinsu su koma."

Har yau fartanyarsa na jingine a bayan ƙofa, ko aro ba ya bayarwa. Ku da kuka baro gida, me kuka kasa rabuwa da shi?