Madubin Taurari a Fadamar Diggi

Ban taɓa mantawa da yammacin da na tsaya bakin fadamar Diggi na yi wa wani dattijo ƙarya ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, gara ku ji labarin daga bakina, domin abin da ofis ya sani daban ne da abin da ya faru.

A lokacin ni ƙaramin malamin gona ne a wani shiri na tallafa wa manoman shinkafa, ofishinmu yana Kalgo. Karatuna bai yi nisa ba. Idan kaka ta matso, babban aikina shi ne neman makwancin jan baki, tsuntsayen nan da ke sauka kan shinkafa kamar hayaƙi lokacin da ƙwaya take da ruwa-ruwa. Da rana ba a iya komai da su sai kora. Amma da magariba duk suna taruwa wuri ɗaya su kwana, galibi cikin kacalla, doguwar ciyawar nan ta tsakiyar ruwa. Ƙa'idar aikin ita ce malamin gona ya hango inda suke sauka, washegari ya shiga jirgi ya je ya ga kashinsu da idonsa, sannan ya kai wa shugaban sashe rahoto. Shi kuma ya turo masu feshi. Magani yana da tsada, saboda haka kowane yanki sau ɗaya ake zuwa masa a shekara.

Mun daɗe muna roƙon a sayo mana abin hangen nesa. Da ya iso sai ga wani farin bututu mai kauri, da ƙafafu uku. Wanda aka ba sayayyar bai tambayi kowa ba, ya sayo na kallon taurari. Na kafa shi a harabar ofis na duba, sai na ga maigadinmu yana tafiya kai a ƙasa, ƙafafu a sama. Na gaya wa shugaban sashe. Ya ce ai tsuntsu tsuntsu ne ko a kife, in yi maneji.

Ban yi maneji da shi ba, son sa na yi. In na ɗaure shi bayan babur na shiga ƙauye, mutane sukan bar abin da suke yi su biyo ni. Tsofaffi suna tsokanata wai in duba musu ko ana hango Makka. Ni da ake kira Sahabi kawai, sai na koma Malam Sahabi mai na'ura. Wannan girman ya shige ni fiye da yadda nake so in faɗa.

Wata ranar kasuwa na tsaya shan mai a Gwandu, sai wani mutum ya matso yana shafa bututun kamar ya ga ɗan'uwansa. Sunansa Malam Ishaya, mutumin Zuru ne, yana koyar da kimiyya a wata sakandare a garin. Ya ce shekara da shekaru yana zana wa ɗalibansa duwatsun wata a allo, ba su taɓa gani ba. Ya ce yana da tabaron hangen nesa na ido biyu, wanda mahaifinsa ya bari, irin na duban abin da ke ƙasa. In na yarda mu yi musaya, ko da ta aron kaka ɗaya ce.

“Malam, wannan naka na sama ne,” in ji shi. “Yana juya komai. Ba kifewa kaɗai ba, har...”

Na katse shi. Na ce na san yana kifewa, na saba, kuma kayan ofis ba na musaya ba ne. Gaskiyar magana, na ƙiyasta kaina rataye da ɗan ƙaramin tabaro kamar maharbi, na ga ba wanda zai sake biyo ni. Na kuma raya a raina cewa so yake ya cuce ni, ya ba ni ƙarami ya karɓi babba. Yana cikin magana na tayar da babur.

A shekarar, ruwa ya yi yawa. A Diggi shinkafa ta yi kyan da manoma suka ce sun daɗe ba su gani ba, musamman gonar Baba Maidamma, wani dattijo da nake sauka a gidansa, wanda bai taɓa barina na koma Kalgo ba tare da na sha fura ba. Shi da iyalinsa sun yi makonni suna wuni a gona, suna jan igiyar gwangwani suna ihu don korar tsuntsaye, muryoyinsu duk sun dushe. Geronsu kuwa na tudu ya isa girbi, ba mai zuwa.

Can tsallaken ruwa akwai wata giginya ita kaɗai, da kacalla mai yawa a damanta da hagunta, tsakaninsu da tazara sosai. Da ido sai dai ka ga tsuntsayen sun nufi wajen su ɓace cikin duhun magariba. Na kafa madubi. Na ga giginya kanta a ƙasa, tsuntsaye suna kwarara a damanta. Na miƙar da hoton a cikin kaina, na ce dama. Baba Maidamma ya ce da safe zai kai ni da jirginsa in gani. Na ce ba sai mun wahala ba, na'ura ta riga ta gani. Ina tsoron ruwa, ban kuma so a sani ba. Na kai rahoto cewa na je na tabbatar.

Ranar feshi masu aikin suka shiga jirage tun la'asar, da injinan goyo da maganinsu a haɗe, suka nufi kacallar dama. Na tsaya a gaɓa da madubina, manoma kewaye da ni. Shugaban masu feshin yana sanye da jar riga. Da ido ina hango ɗigon jan a daman giginya, inda na tura su. Na sunkuya na duba cikin madubi, sai na ga jar rigar a hagu. Na ɗago, dama. Na sake sunkuyawa, hagu. Ga tsuntsaye kuma sun fara zuba a ɗaya gefen, nesa da su.

A nan na gane ƙarshen maganar da ban bari Malam Ishaya ya ƙarasa ba. Babu hanyar kiransu, wurin ba ya kama waya. Muna jin ƙugin injina daga nesa, suna feshe kacallar da babu kowa a cikinta, don magani in an haɗa shi ba ya ajiyuwa.

Baba Maidamma ya dafa kafaɗata. “Malamin gona, sun same su?”

Mutane duk suna kallon bakina. Na ce, “Sun same su, Baba.”

Ya yi hamdala. Wani ya ce ai yanzu sai gero. Na naɗe kayana na koma Kalgo, ina gaya wa kaina wataƙila ƙarar injin za ta sa tsuntsayen su ƙaura.

Ba su ƙaura ba. Washegari mutanen suka hau tudu girbin gero, suka bar fadama ba mai kora. Kafin su ankara jan baki ya gama da ita. Masu feshi sun san abin da ya faru, amma an biya su aikinsu, suka yi shiru. Da na shiga wurin shugaban sashe na fara bayani, ya ɗaga mini hannu. Ya ce wani sabon garke ne ya ƙetaro daga arewa, haka za a faɗa wa na sama, kada in ɓata wa kowa aiki. Na ce to, ranka ya daɗe, ko za a yarda in musanya madubin da wanda ya dace? Bai ko ɗago kai ba. Ya ce shi dai in masu bincike sun zo su tarar da abin hangen nesa a sito, ko wane iri ne. Ashe iyakar abin ke nan. Dokar da na fake da ita a Gwandu babu ita.

Na kai wa Malam Ishaya madubin har makaranta. Bai yi mini gori ba, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Ya miƙo mini tabaron cikin tsohuwar jakar fata, ya nuna mini yadda ake murza shi, ya ce in riƙe shi da kyau don na babansa ne. Daga baya na ji har iyayen ɗalibai suna zuwa kallon wata.

Na ɗauki tabaron na tafi Diggi. Abu na farko da na gani da shi, a miƙe, dama a dama, shi ne gonar Baba Maidamma, zangarniyoyi tsaye fari fat babu ƙwaya, shi kuma yana yankar kara don dabbobi. Na sauka na same shi. Na gaya masa komai, har da jirgin da na ƙi shiga.

Ya dakata da yankan. Sannan ya ce, “Malam, mu ba mu tsoron tsuntsu, tun kakanni muna korar shi. Da ka ce mani ba ka sani ba, da mun kwana cikin gona. Abin da kac ce shi munka ɗauka.”

Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya koma ga yankansa. A ranin nan 'ya'yansa maza duka suka tafi ci-rani, babban bai dawo noma ba har yau. Ni kuwa shekara na zagayowa aka ƙara mini girma.

Abin da na koya a aikin nan ba mai daɗi ba ne. Ofis ba ya hukunta mai ƙarya, wanda ya ce bai sani ba shi yake zama abin dariya, shi ya sa muke koyon cewa mun gani. Manomi kuwa yana iya shirya wa jahilcinka, yana iya shirya wa fari da ambaliya. Abin da ba ya iya shirya wa shi ne tabbacin da ka ba shi alhali babu. In an tambaye ku, kuma ba ku je kun taka wurin ba, ku ce ba ku sani ba. Dariyar da za a yi muku ba ta cin shinkafar kowa.