Taku Sittin Daga Kwalbati

Shekara talatin da uku mijina ya yi yana tafiya a gefen babbar hanya, kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. In aka tambaye ni aikinsa nakan ce, "Tsaron abin da aka binne yake yi." Sai a zaro ido. To ba wani abin tsoro ba ne: bututun ruwa ne da wayar lantarki da wayar tarho, duk abin da leburori suka haƙa rami suka tura, suka mayar da ƙasa suka kama gabansu. Ranar da ake binnewa yana nan tsaye a bakin ramin da ɗan littafinsa, yana rubuta inda abin yake, don kada wata rana mai katafila ya zo ya tsinke wa gari ruwa.

A ma'aikatar hanyoyi ba mai kiransa da sunansa, Mai Taku suke ce masa. Lokacin da ya kama aiki tef ɗin awo guda ɗaya ne a duk sashensu, kullum kuma yana aljihun wani. Ga shi tef sai da mutum biyu, shi kuwa shi kaɗai ake turawa. Sai ya koma awo da ƙafarsa. Ya jingina da kwalbati ko dutsen kilomita, ya taka yana ƙirgawa, ya rubuta: "Babban bututun ruwa, taku sittin daga kwalbati ta huɗu, taku bakwai daga bakin kwalta, zurfinsa ya kai ƙirjina." Daga baya tef ya wadata, har na'urori aka kawo, amma ina! Ya ce tef yana miƙewa in ya sha rana, ƙafa kuwa ba ta ƙarya.

Kowace shekara littafi guda. Tun da gara ta taɓa cinye fayil a ofis ya kwaso su gida, ya jera a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Ni da nake matar gida ban isa in ajiye ko ɗankwali a akwatin nan ba.

Ƙirgen kuwa bai tsaya a bakin hanya ba, har gida ya biyo shi. Bakinsa kullum yana motsi. Ranar da na haifi 'yarmu ta fari ya shigo asibiti da gumi, ya tsaya a kaina ya ce daga ƙofar waje zuwa gadona taku ɗari biyu da tara ne. Sai da ya faɗi wannan sannan ya tambaya, mace ce ko namiji. Da ina da ƙarfi a ranar da na jefe shi da kofi.

Saura wata uku ya yi ritaya aka ce za a faɗaɗa hanyar. Aka turo sabuwar injiniya, tsarar 'yarmu ta biyu, ta zuba duk abin da ke cikin littattafan a taswirar kwamfuta, masu katafila su san inda za su kauce. Yarinya mai ladabi, Baba take ce masa. Ta sa ya yi tafiya a barandar ofis, ta auna takunsa da tef, ta samu santimita sittin da huɗu. Da wannan awon ta lissafa duk takun shekara talatin da uku, ta fitar da taswira tsaf.

Shugaban sashe ya ce kafin katafila ta taɓa ƙasa a gwada wuri guda. Ban je ba, amma na ji labarin gutsi-gutsi. Suka je kwalbati ta huɗu, taswira ta nuna wuri, leburori suka haƙa. Ba komai. Mijina ya yi dariyar ƙeta ya ce, "Kwamfuta ke nan! Ku matsa." Ya koma jikin kwalbati ya gyara hula, ya tako ɗaya, biyu, uku, har sittin. Taku na sittin ɗin ya ajiye shi daidai bakin ramin da aka haƙa, saura kaɗan ya afka. Aka ƙara faɗi, aka ƙara zurfi. Abin da aka tono tsohuwar taya ce da warin takalmi.

A gaban leburori shugaba ya ce, "Baba, ashe tatsuniya kake rubuta mana duk shekarun nan? A kira kamfani mai na'ura su bi hanyar daga farko. Littattafan kuma a kai sito."

Sito! Can da gara take. Ya dawo gida jikinsa a sanyaye. Kwana uku na ajiye abinci na ɗauke abinci. In ya buɗe baki sai ya ce, "An sace bututun nan." Na ce, "Haba Malam, wane ɓarawo ne zai sace bututu ruwa na gudu a ciki, famfonmu kuma yana zuba?" Ya harare ni. Ni ma raina ya ɓaci ƙwarai, don na san mutumin nan. Yana da taurin kai kamar me, amma bai taɓa rubuta abin da bai taka ba. Yanzu a ce zai bar aiki da sunan maƙaryaci?

Rana ta huɗu da la'asar ina wanke-wanke ya shigo daga waje, bakin nan yana motsi kamar kullum. Na ji ya kai ƙofar ɗaki yana cewa, "Sha takwas, sha tara, ashirin." Na tsaya da soso a hannu. Ashirin? Shekarun da nake goyon yara, daga ƙofar gida zuwa ɗakin nan a sha shida yake tsayawa. Na ma taɓa yi masa magana da na ji ya koma sha takwas, ya ce birkilan da ya sake mana daɓe ne ya ƙara wa tsakar gida tsawo.

Na ce, "Malam, bututu bai gudu ba. Ƙafarka ce ta tsufa."

Wayyo, da ma ban faɗa ba. Ya miƙe ya cika ya yi fam. "Ni? Ni za ki kalla ki ce na tsufa? Zo ki gani!" Ya koma ƙofar gida ya buɗe ƙafa, ya jefa taku irin na samari. Na farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku gwiwarsa ta ce ƙas, ya kai hannu ya cafki igiyar shanya, shi da wankina duka suka zube ƙasa. Yana kwance zanen gado ya rufe masa rabin fuska yana cewa, "Santsi ne."

Washegari na yafa mayafi na nufi ofishinsu, wurin da ban taɓa takawa ba tun da na aure shi. Na samu injiniya ta zuba tagumi gaban kwamfuta. Na ce, "'Yata, takun da kika auna na tsoho ne. Wanda ya rubuta littattafan farko saurayi ne." Ta kalle ni, sai ta bugi tebur ta ce, "Mama, kin gama aikin!" Ta bayyana mini cewa a jikin bututu akwai wuraren buɗewa da rufewa masu murfin ƙarfe da ake gani a sama, kuma Baba ya rubuta takunsu a kowane littafi. In ta auna su da tef, za ta gane tsawon takunsa na kowace shekara. Mako biyu ta yi tana yawo a rana da tef da leburori biyu.

Da ƙyar shugaba ya yarda a sake gwaji. Wannan karon na bi su, ba kuma wanda ya isa ya hana ni. Littafin kwalbati ta huɗu na shekararsa ta biyar ne, lokacin takunsa santimita tamanin. Injiniya ta ja tef, ta wuce tsohon ramin da kusan mita goma, ta fesa jan fenti. Leburori suka sa diga da shebur. Mijina ya koma gefe ya harɗe hannu, ko kallona ba ya yi. Wallahi ban san abin da yake roƙo a ransa ba. In an samu, littafinsa gaskiya ne amma ya tsufa. In ba a samu ba, yana nan da ƙarfinsa amma ya zama maƙaryaci.

Can sai diga ta ce ƙwal! Leburori suka ɗauki ihu, har direbobin da ke wucewa suna rage gudu suna leƙe. Shugaba ya cire hula ya ce, "Baba, ka yafe ni. Na yi saurin baki." Mijina ya ce, "Ku duba zurfin ma." Ya sa aka riƙa masa hannu ya sauka ya tsaya kan bututun. Ramin da littafi ya ce ya kai ƙirjinsa, bakinsa ya zo masa daidai haɓa. Ya ɗago ido daga ciki ya ce, "An ƙara ciko." Ba wanda ya musa masa.

Bayan kwana biyu injiniya ta zo gidanmu da takarda guda. Na shimfiɗa mata tabarma. Layi talatin da uku ne a takardar, kowace shekara da tsawon takunta, yana raguwa kaɗan-kaɗan har ƙasa. Mijina ya sa tabarau ya bi da yatsa.

Ta ce, "Baba, saura matsala guda. Dubi shekara ta uku. Kafinta tamanin, bayanta tamanin, ita kaɗai casa'in da ɗaya. Shugaba ya ce ba ƙafarka ba ce, wani ka tura ya taka maka. In ba bayani, ba zai sa hannu a kan littafin nan ba, kuma a cikinsa duk wayar lantarkin take."

Ya sosa ƙeya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya kalli bango.

"Ni na taka," ya ce. "Sauri nake yi."

"Saurin me, Baba?"

Sai ya nuna ni da haɓa, idonsa a kan tabarma.

"Shekarar da na auro ta ce. Ina gama ƙirge nake gudowa gida."

Injiniya ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta ce, "Za a sa littafin a taswira, Baba. Ni zan yi wa shugaba bayani."

Ni kuwa na buɗe baki zan yi masa tsiya kamar yadda na saba, sai na fasa. Shekara talatin mutumin nan bai taɓa gaya mini magana mai daɗi ko guda ba, sai da aka haƙa rami biyu aka haɗa da kwamfuta sannan aka tono ta. Na ce musu na bar abu a wuta. Na shige madafa na tsaya gaban murhun da ban ko kunna ba, ina share hawaye da bakin zane.