Tuwon Alkamar Gwaggo

A garin da kowane gida ake turara shinkafa aka ce ni in daina cin shinkafa. Likitan da ya faɗa min haka a ofis mai sanyi yake zaune a cikin Kano. Bai taɓa tsayawa a tsakar gidanmu na Kura ba lokacin da Umma ta buɗe tukunyar shinkafarmu shanshera, tururi ya cika gidan.

Aikin rage tumbi za a yi min. Ƙiba ta kai ni inda gwiwoyina ba sa iya kai ni bakin kanal ɗin noman rani, ga suga ya fara leƙowa, ni ko talatin ban yi ba. Yayana ne ya tsaya tsayin daka har aka sa rana. Sharaɗi ɗaya likita ya kafa: a makonnin da suka rage babu shinkafa, babu tuwo, babu gurasa, babu taliya. Ya ce kitse ya lulluɓe min hanta, sai ta ragu kafin su sami hanyar kaiwa ga tumbin. In na dawo sikeli bai sauka ba, za a ɗaga aikin, wani ya shiga gurbina.

Kwanakin farko na sha wuya. Zogale, dafaffen ƙwai, kifi, kokwamba, gobe ma haka. Kaina ya yi ta sara, kowa ya yi min magana sai in hau shi da faɗa. Ba naman kaza nake kwaɗayi ba, ƙanzo nake so, ƙanzon gindin tukunya da ko almajiri ba ya kulawa da shi. Dabarar da na samu ita ce, da an sauke tukunya sai in cusa asuwaki a baki in koma bayan ɗaki, in yi ta tauna har a wanke kwanuka.

Da na fara sabawa sai labari ya bazu wai za a yi min aiki. Mu a nan ba a zuwa dubiya hannu sake, kuma ba a mayar wa mutum kwanonsa da abinci a ciki. Waina, dambu, alkaki, sai ka ce suna ake yi a gidan. Umma takan karɓa ta yi godiya, ta juye wa matan da ke taya ta shanyar shinkafa. Wannan da sauƙi.

Sai Gwaggo, yayar Baba, ta taso daga Bunkure. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, don haka Uwata take kirana. Ita ba ta aike. Da kanta ta kawo kwanon, ta zauna a gabana ta buɗe. Tuwo ne da miyar kuɓewa ɗanya, man shanu na yawo a kai.

Ta ce, "Uwata, matso. Na ji an hana ki shinkafa, to wannan alkama ce, ta gonarmu ta rani. Abincin masu suga ke nan, kowa ya sani."

Na ce, "Gwaggo, har alkamar an hana."

"Wa ya hana?"

"Likita."

"Shi likitan da ganye aka yaye shi? Ke akuya ce? Mutum zai shiga ƙarƙashin wuƙa a bar shi da yunwa! Da wane jinin za ki tashi?"

Umma ta matso ta yi ƙasa da murya. "Ko loma ɗaya ce ki yi, ki fitar da ni kunya."

Na san kaina. Ni ba ni da loma ɗaya. In na sa hannu a kwanon nan sai na ga gindinsa, gobe kuma in nemi ƙanzo. Yawuna ya riga ya tsinke, ƙamshin man shanun har cikin kaina. Abin da ya fi ƙona min rai, wannan Gwaggon ce a kowane biki take matsa min dantse a gaban mutane tana cewa, "Kai, Uwata, buhun shanshera!" a yi ta dariya.

Na rufe kwanon na ɗora mata a cinya.

"Gwaggo, ki koma da abinki."

Matan da ke shanya suka tsaya cak. Ta dube ni, ta dubi kwanon.

"Ni za ki mayar wa kwano? Ni?"

Na ce, "Shekara da shekaru kuna ce min buhu. Yau na tashi sauke buhun, kun zo kuna ɗura min. In aka ɗaga aikin nan, ke za ki ara min gwiwa?"

Ta yafa mayafinta ta fita, ko sallama babu. Da Baba ya dawo ya yi faɗa kamar zai ɗaga rufin ɗaki, ya ce in shirya in je Bunkure in ba ta haƙuri. Na ce zan je, amma bayan aiki. Kafin mako ya zagayo dangi kaf sun ji cewa boko ya lalata ni, na raina abincin gida. Ban damu ba, don tun daga ranar babu wanda ya sake kawo min kwano. Da na san haka ne maganinsu, da tun a kan wainar farko na yi.

Ranar da na koma asibiti na hau sikeli. Ya sauka. Likita ya duba hoton hantar ya ce ba laifi. Aka yi aikin a ranar da aka sa.

Ina gida ina kurɓar romo da ƙaramin cokali, ciki ɗaure, ruwa ma sai da dabara, sai ga ɗan acaɓa daga Bunkure da kwanon nan dai. Umma ta buɗe. Tuwon shinkafa ne, malmala uku. Saƙon da ya biyo shi: a ce wa Uwata tunda an gama, sai ta rama abin da ta rasa.

Umma ta ce sulhu ne, in gode. Na juya fuskata bango.

Haƙurin na je na bayar da na warke, saboda Baba. Amma har yau in Gwaggo tana ba da labarin, cewa take addu'arta ce ta tashe ni, kuma da na ci alkamar nan da ban rame haka ba.