Zaman Umuada a Gidan Mazi Ofondu

Mama Ugodiya ba ta taɓa zama a aji ba, amma duk wanda ya ba da tarihin Farfesa Uloaku Ezenwata ya tsallake ta, to bai faɗi gaskiya ba. Manja take sayarwa a kasuwar Umuodara, kuma ita ce shugabar umuada, wato 'ya'ya matan garin da aure ya kai su wasu garuruwa.

Farfesa Uloaku ce mace ta farko da ta shugabanci jami'ar garin. Kango ta tarar: malamai yau aiki gobe yaji, ɗalibai na kwana a aji, 'yan ƙungiyar asiri sun hana kowa sakat. Ta gina ɗakunan kwana, ta fatattaki tsagerun har da ɗan wani babba, ta buɗe sashen koyon aikin likita. Abu ɗaya ya rage mata kafin wa'adinta ya cika, asibitin koyarwa. A nan zuciyar Mama Ugodiya take, domin 'yarta ta fari a bayan motar rogo ta rasu tana naƙuda, ana kan hanyar asibitin birni.

Filin da ake so yana hannun Mazi Ofondu, babban dattijon gari, ƙanin Mama Ugodiya ciki ɗaya. A Umuodara kuwa ba a buɗe magana sai an fasa goro an yi addu'a. Duk zuwan da Farfesa ta yi, sai ya ɗauki goron ya jujjuya, ya mayar a faranti.

"'Yata, ba raini ba ne," in ji shi. "Ba a maganar ƙasar kakanni da mace. Turo mana namiji."

Mataimakanta suka ce a tura magatakarda mana, ko a sa gwamnati ta ƙwace filin. Ta ƙi duka biyun. Ta ɗaura zane ta tafi rumfar manja ta durƙusa.

"Mama, ni baƙuwa ce a garin nan. Ke kika san ɗan'uwanki."

"Na san shi? Ni na goya shi! Tashi, kar manja ya ɓata miki zane."

Ranar kasuwa ta zagayo, sai ga umuada sun cika gidan Mazi Ofondu da tabarminsu. Ba zagi, ba faɗa, zama kawai suka yi. 'Ya mace kuwa in ta zo gidan ubanta ba mai korarta, ba kuma mai barinta da yunwa. Aka yanka akuya, suka ce miyar ba ta ji gishiri ba, a sake. Kaji suka ƙare, rumbun doya ya fara ramewa, shi ma mai gidan haka.

Mazi Ofondu ya dubi Mama Ugodiya ya ce, "Yaya, don Allah yaushe za ku tafi?"

"Mu tafi ina? Gidan ubanmu muke. Waccan baƙar akuyar ta wa ce?"

"Haba Yaya, ku bar min ita!"

"To mu da ba a maganar ƙasa da mu, me ya rage mana in ba ci ba?"

Matan suka kwashe da dariya, amma ita ba ta yi ba. Ta dube shi ta ce, "Ofondu, da hannunka ka binne 'yata a ƙasar nan. Ran nan ban ji ka ce mace ba ta da rabo a cikinta ba."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Sannan ya sa aka kira Farfesa, ya fasa goro a gaban dattawa, ya yi addu'a, ya miƙa mata da hannu biyu. A ranar ya ba da filin.

Ranar buɗe asibitin, manyan baƙi suka makara kamar yadda suka saba. Ana zaune ana jira, sai ga babur ya shigo da wata mai naƙuda tana murƙususu. Masu tsara biki suka tare ƙofa, wai ba a yanke ƙyalle ba tukuna. Farfesa Uloaku ta taso da rigar bikinta, ta fizge ƙyallen da hannu ta yar.

"An buɗe. Ku shiga da ita!"

Jiniyar manyan baƙi na kusantowa, kukan jariri ya riga ta isowa. Daɗi ya kashe Mama Ugodiya. Ta wurgar da sandarta ta faɗa tsakiyar fili tana rawa, hawaye na zuba, umuada suka rufa mata baya da guɗa. Manyan baƙi suka sauko daga motocinsu suna ɗaga hannu, a zatonsu tarbarsu ake yi.