Tsoka a Ƙasan Kwano

Idrisa yana tona shinkafarsa da cokali a hankali, kamar mai haƙon gyaɗa. Haka yake yi a kowace rumfar abinci tsakanin Matameye da Damagaram, tun ranar da likita ya raba shi da nama da nono da man shanu. In ya ci, babban yatsan ƙafarsa sai ya kumbura har ya kasa taka birki, shi kuwa a tuƙin motar haya ya yi furfura.

Ya gaji da bayani. In ya ce wake da man gyaɗa kawai, sai a ɗauka rashin hali ne, a tausaya masa.

Yau a ɗakin abincin Hajiya Saratu na bakin tasha, cokalin ya ci karo da abin da yake gudu: tsoka biyu an binne a ƙasan kwano, an bi su da romo. Haka take karrama waɗanda suka daɗe suna cin girkinta, a ɓoye, don kada su ji nauyi.

"Hajiya, ai na roƙe ki."

"Kai dai ci, Baban Sadiya. Wannan kyauta ce. Likitan naka ya hana kyauta ne?"

"Ƙafata ba ta san kyauta ba."

Romon ya riga ya ratsa kowace ƙwaya. Mayarwa cin fuska ne, ci kuwa kwanciya ce. Ya tura kwanon gaban fasinjan da ke gefensa, ya yi wa Hajiya godiya, ya laluba ƙuli-ƙulin da ke aljihunsa, ya fita yana ɗingishi.