Na Mayar da Sifanar Jirgin Yaƙi

Da asubar fari muka baro Wudil, ni da Inna mahaifiyarmu, za mu barikin sojan sama inda ƙanina yake aiki. Ban so ta biyo ni ba, don tafiyar yini guda ce kuma gwiwarta ba lafiya, amma ta ce ƙafata ƙafarta. Ta riƙo robar kindirmo da soyayyen kifi a leda, wai yaron nan ya daɗe bai ci na gida ba. Ni kuwa kayana bai kai tsawon tafin hannu ba. Wata 'yar sifana ce na naɗe a hankici na sa a aljihun gaba, kuma saboda ita ƙanina ya shiga sati na biyar a tsare.

Masu bibiyata sun saba in na yi tafiya in dawo musu da raha. Wannan karon a yi haƙuri da ni, sai na koma baya kaɗan kafin a gane abin da ya fitar da mu.

Ƙanina makanikin jirgin yaƙi ne, a gida Auta muke ce masa. Ya zo sunan 'yata a tsakiyar noman rani, kuma ranar da ya iso injin ban ruwana ya tsaya a bakin kogi, tumatir yana neman ƙonewa. Maiɗakina za ta wanke masa rigar aiki, ta zazzage aljihu, sifanar ta faɗo, ta ɗora ta a kan taga. Na gani na ɗauka. A gidanmu ba a tambayar irin wannan. Fartanya, tsani, famfon keke, wanda ya riga kai hannu shi ke amfani. Sifanar ta hau notin injina cif, ba ta zamewa irin na kasuwa, sai na jefa ta cikin gwangwanin da nake tara kayan gyara.

Bayan ya koma aiki ya bugo mini waya. Ya ce, "Yaya, don Allah ban bar wata 'yar sifana a gida ba?" Ina tsaye cikin laka, gwangwanin yana gefen ƙafata. Na ce, "Wace sifana kuma? Ban gani ba." A raina na ce gwamnatin da ta iya sayen jirgi ba za ta yi kukan sifana ɗaya ba. Bayan 'yan makonni jirgin da ya yi wa aiki kafin ya zo suna ya faɗi, matuƙin ya rasu. Sai daga baya matar Auta ta kira tana kuka, ta ce an tsare shi, ana zargin ya manta sifana a cikin injin jirgin. Na yi kwana biyu ban iya gaya wa kowa ba. A na uku na ce wa Inna na tsinto ta a bayan gadon ɗakin baƙi.

Da wannan ƙaryar a bakina muka hau gada. Masunta sun riga sun tura kwalekwale, masu yashi suna loda tifa ta farko. Kullum ina wuce wurin nan ba na ko ɗaga kai, amma ran nan na waiwaya ina neman fadamata har ta ɓace. Rana na fitowa muka shiga Kano, muka sauya mota. Kuɗin da aka yanka mana ya sa Inna ta tambayi ɗan kamasho ko har da abincin rana a ciki. Ya ce, "Hajiya, mai ne ya yi tsada." Ta ce ita ba Hajiya ba ce, kuma da irin kuɗin motarsu ba ranar da za ta zama.

Hanyar Zariya wani wuri sumul, wani wuri a karkatar da ku hannu ɗaya ku yi ta gwamutsi da tireloli. Mun wuce wata da ta kife da buhunan masara, mutanen ƙauye sun kewaye ta suna taya direban jimami da idonsu a kan buhunan. A Zariya muka karya da ƙosai da kunu. Inna ta ci uku ta ce an cika masa albasa don a rage wake. Daga nan ba zan ƙara ambaton sunan gari ba, saboda wurin da muka nufa.

Da hantsi motar ta fara huci. Direba ya sauka, ya buɗe gaba, ya ɗaure wata tiyo da tsinkakkiyar robar taya, ya ƙwanƙwasa kan batir da dutse, ya ce Bismillah. Ta tashi. Duk muka ce masa sannu da ƙoƙari, har da ni, don ni ma haka nake yi wa injina. A wani shingen bincike soja ya sa maza suka sauko, ya laluba aljihuna ya zaro hankicin. Ya juya sifanar ya ce ko ni makanike ne. Na ce manomi ne. Ya miƙo mini ita yana dariya. Sauran hanyar na yi ta maimaita maganata a zuci: bayan gado, ɗakin baƙi, muna shara muka gani.

Bayan la'asar muka isa. Mun fi awa guda a bakin ƙofar bariki kafin matar Auta ta fito ta sa hannu a shigar da mu. Ta rame ƙwarai. A gidanta muka kwana, ɗaki biyu a jerin gidajen ƙananan sojoji, inda maƙwabta suka yi ta shigowa gaida Inna da harsuna iri-iri, amma ba wanda ya ambaci sunan mijinta.

Da safe aka kai mu wurin maigidansa na aiki, wani dattijon soja mai furfura wanda ya fi shekara talatin yana gyaran jirage. Bahaushe ne, ya gaida Inna har da rusunawa. Ofishinsa yana jikin rumfar jirage, kuma ta taga ana hango ciki. Wannan ne karona na farko da na ga jirgin yaƙi a ƙasa. Ya fi ƙanƙanta a kan yadda nake zato, ruwan toka, mai tsinin baki. Na yi tsammanin zan ga sahu suna ƙyalli. Abin da na gani, ƙalilan ne a tsaye da mutane a kansu. Sauran an lulluɓe su da tamfol, wani tayarsa ta sace, wani kuma an zare masa inji gaba ɗaya, kana hango haske ta cikinsa.

Na ajiye hankicin a kan tebur. Dattijon ya buɗe, ya ɗauko tabarau, ya karanta wata lamba da aka zana a jikin sifanar, wadda ni duk zamanta a hannuna ban taɓa lura da ita ba. Ya duba wani littafi, ya sake dubawa, sannan ya ce, "Ita ce." Ya aika a zo da Auta.

Kafin a kawo shi ya yi mana bayani, don ya ga Inna ba ta gane yadda ƙarfe ɗan wannan zai ɗaure mutum ba. Ya ce kowane makanike yana da akwatinsa, kowane abu a ciki yana da lamba da gurbin da aka yanka daidai siffarsa. In an tashi aiki aka ga gurbi ɗaya ba kowa, duk jirgin da mutumin ya taɓa ba zai tashi ba sai an kwance shi an nemo abin, domin ko noti guda injin ya haɗiya ya isa ya tarwatsa shi a sama. Auta ya rufe akwatinsa a gurguje ranar da zai taho suna. Da ya dawo ya ga gurbi, ya laluba rigarsa, ya kira gida aka ce ba a gani ba. A makon nan kuwa sojojin ƙasa suna cikin daji suna ta kiran a kawo musu ɗauki ta sama. Ya ji tsoron a ce shi ya zaunar da jiragen da suka rage, sai ya je kasuwa ya sayo mai kama da ita ya cike gurbin. Bayan hatsarin masu bincike suka buɗe akwatuna, suka tarar da sifana marar lamba.

Na tambaye shi me ya kwantar da waɗancan na cikin tamfol. Ya ce jiragen ba na wasa ba ne. Tafiyar da muka yini muna yi, su kafin mutum ya gama cin tuwo sun yi ta sun juyo. An ma yi wa wasu gyaran zamani, an sa musu na'urar gani cikin duhu da sabbin alluna a gaban matuƙi. "Amma ido ne sabo," in ji shi, "jikin tsoho ne." Kayan gyara daga ƙasar waje suke zuwa, a rubuta takarda a yi wata da watanni ana jira, wani lokaci ma masu ƙera abin sun daina yinsa. To sai a ciro daga jirgin da ke kwance a sa wa mai tashi. Haka ake ta yi har na kwancen ya koma ƙwarangwal, sannan a juya kan na kusa da shi.

Aka shigo da Auta. Ba a ɗaure yake ba, amma wandonsa har yana zamewa. Ya durƙusa ya gaida Inna, ta dafa kansa. Da idonsa ya faɗa kan tebur sai ya tsaya cak. Ya ɗauki sifanar, ya karanta lambar da bakinsa. Ya ce, "Ashe ba ta cikin jirgin." Ya faɗa har sau uku. Sannan ya juyo ya ce, "Yaya, a ina aka same ta?"

Dattijon ya turo mini takarda da biro. Ya ce in rubuta wurin da aka same ta, da ranar, da wanda ya fara gani, in sa hannu, don kwamitin bincike zai karanta. Na riƙe biron. Maganar da na yini ina haddacewa tana nan a bakina, kuma na san ba wanda zai je Wudil ya leƙa bayan gado. Amma Auta yana kallona da irin kallon godiya, shi ne abin da na kasa ɗauka.

Na ce, "Ni na ɗauka. Ranar da ka kira tana gefen ƙafata."

Na so ya yi mini ihu, ko ya zage ni a gaban maigidansa. Bai yi ba. Ya ce, "Yaya, ni na ɗaura wa matuƙin nan bel da hannuna ranar da zai tashi. Matarsa tana bayan layinmu, da goyo. Kullum in na rufe ido sai in ga na bar sifanar a cikin injin." Ya mayar da sifanar kan tebur a hankali. Na rubuta gaskiya, layi bakwai, na sa hannu.

Inna ta tambaya ko yanzu za a sake shi. Dattijon ya ce maganar ran matuƙi ta sauka daga kansa, amma ta ɓoye ɓatan kayan aiki da sa hannu a kan ƙarya tana nan, kuma da wuya kaki ya zauna a jikinsa. Ya kalli taga, sannan ya ce, "Inna, Allah ya gafarta mini, da sifanar ce ta kayar da jirgin da na fi samun barci. Da na san sauran jiragen lafiyarsu ƙalau. Yanzu sai mu koma kan famfon man da muka ciro daga na kwance muka sa masa, kuma irinsa ne a cikin waɗannan." Na ce to za a dakatar da su ke nan. Ya ce za a duba iyakar abin da za a iya dubawa, amma waɗanda ke daji ba su daina kira ba.

Muna fita bakin ƙofa ɗaya daga cikin jiragen ya tashi. Ƙarar ta shiga har cikin haƙorana. Inna ta tsaya da robar kindirmo a hannu, don an ce ba a shigar wa wanda ke tsare da abincin waje, ta bi shi da ido tana motsa baki har ya ɓace. Kafin mu bar barikin ta sa aka raka ta gidan matar matuƙin ta yi ta'aziyya, ta bar mata kindirmon da kifin. Ni a waje na tsaya, ban iya shiga ba.

Washegari muka juyo. Ramukan hanya da shingaye suna nan yadda muka bar su, amma ban iya ba da labarinsu ba, don ban gan su ba. Haka muka isa Zariya. A nan na sayo wa Inna ƙosai, ta karɓa ta riƙe, ta ce, "Da Auta ya tambaye ka, me ya hana ka ce e?" Ba ta sake tambaya ba. Ana kiran magariba muka hau gadar Wudil.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba mai yawa ba ne. A da in jirgin yaƙi ya wuce ta samanmu sai in ɗaga kai in ce ƙasa tana da ƙarfi. Yanzu na san mutane ne irin Auta suke riƙe da shi da kayan aro, kuma aikinsu duka ya dogara ne a kan in an yi tambaya a ba da amsar gaskiya. Hukuncinsa bai fito ba tukuna, amma na riga na ware masa rabin fadamata. Na aika masa da saƙon haka ta wayar matarsa, yau kwana tara, bai ba da amsa ba. Jiya notin injina ya sake kwancewa. Na zazzage gwangwanin a kan yashi, babu sifanar da ta hau notin, na zauna a gefen kwalbatin ruwa ina kallon tumatir har rana ta yi tsaka.