Yadda Na Mai da Iya Tabawa Direba

Ba zan faɗi sunana ba, 'yan Jakara sun san ni, waɗanda ba su san ni ba kuma ba abin da suka rasa. Mahaifina baduku ne a Kasuwar Kurmi. Ya so in gaje shi, ni kuwa warin fata ne ba na so, ina ganin na yi sakandare na fi ƙarfin zama da basilla. Da ya gaji da faɗa sai ya buɗe min ɗan shago a bakin lungunmu, ina cajin waya ina cire wa mutane kuɗi. Wallahi abin yana rufa min asiri, da na tsaya a nan da ba ku ji wannan labari ba.

A lungun akwai wata tsohuwa, Iya Tabawa, mai sayar da daddawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da ɗa a raye. Sunan mijin aka sa min, don haka tunda aka haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. "Mai sunan Malam" take ce min. Ko laifi na yi ina yaro, in babana ya ɗauko bulala, ɗakinta nake faɗawa, ta tsaya a ƙofa ta ce, "A gabana za a taɓa Malam?"

Da gwamnati ta kawo tallafin tsofaffi da marasa ƙarfi, ni na yi wa tsofaffin lungu rajista. Ba su iya karatu ba, fita ma wahala take musu. Kowace ta kwance bakin zane ta miƙo min katin ɗan ƙasa da katin banki, har lambar sirri a bakina take. A wurinmu ba a tambayar ɗan unguwa me zai yi da kati, abin kunya ne, kamar ka ce masa ɓarawo. Kuɗin Iya Tabawa kusan duk a maganin hawan jini yake tafiya.

Da fari na goro nake cira, ina ce wa kaina ai ladan wahala ne. Daga baya na goron ya fara ƙiba. Ba wadda ta taɓa ƙirgawa a gabana, sai dai su sa min albarka. Albarkar nan ita ta fi komai ƙona min rai yanzu.

Ana nan sai wani ma'aikaci da ke zuwa shagona, muna ce masa Yallaɓai, ya ja ni gefe. Ya ce yana neman lambobin katin mutanen da ba sa zuwa ko'ina, zai sa su a jerin masu albashi a ma'aikatarsu, duk wata in samu rabona. Na ce ba za a gane ba? Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro ne. Masu tallafi suna can, masu albashi suna nan, ko gaisawa ba sa yi." Na ba shi har da ta Iya Tabawa. Na kai ta banki ta dangwala yatsa, na ce mata sabunta rajista ake yi. A hanya har tana ba ni haƙuri wai ta hana ni kasuwa.

Na sayi babur, na fara ɗinka shadda. Babana ya dube ni wata rana ya ce, "Cajin waya ne ke yin wannan?" Na ce harka ce ta buɗe.

Ashe waɗanda ba sa gaisawa sun fara gaisawa. Hukumomin suka haɗa bayanansu a kwamfuta, ana duba lambar kowa a ko'ina, duk wanda aka gani yana karɓar albashi sai a cire shi daga tallafi. Wata ya ƙare, kuɗin Iya bai shigo ba. Wani watan ma shiru. Na riƙa ce mata matsalar na'ura ce. Maganinta ya ƙare, ƙafafunta suka kumbura, ta daina fitowa da tiren daddawa. Ina iya saya mata maganin, amma tsoro ya hana ni, kada a ce me ya dame ni. Kun ji irin lalacewar da na yi.

Sai aka aiko tana da kira a ofishin tantancewa. Wa zai raka ta? Ni mana, wa take da shi? Na kira Yallaɓai, wayarsa a kashe.

Wata jami'a ce ta karɓe mu, mai fara'a, ta duba kwamfuta ta dubi Iya, ta sake duba kwamfuta. Ta ce, "Iya, a nan an nuna ke direba ce, kina karɓar albashi."

Iya ta ce, "Direba? 'Yar nan, ni ko keke ban taɓa hawa ba."

Mutanen ofis suka yi dariya. Jami'ar ta ce ta yarda, amma sai an san wanda ya yi amfani da lambarta, in ba haka ba sunanta ne a kan laifin, tallafi kuma ya tafi ke nan. "Wa kike ba katinki?"

Iya ta juyo ta kalle ni, kallo ɗaya, na san ta gane komai. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba na faɗar sunansa."

"To nuna mana gidansu."

"Idona ba ya gani sosai."

Ƙarya take yi, matar da ke zura zare a allura. Ta zaɓi ta rasa magani, a kira ta ɓarauniya da furfurarta, da ta ba da ni. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Hajiya, ni ne. Ba ta san komai ba."

Ku yarda ko kada ku yarda, tunda na fara harkar nan ban taɓa jin sanyi a ƙirjina irin na lokacin ba. Kamar an sauke min buhun gero daga ka.

Na faɗi komai, har da sauran tsofaffin. Aka kamo Yallaɓai, kotu ta ɗaure mu. Gidan yari ba wurin zuwa ba ne, ƙwarƙwata, zafi, tuwon da ko kare zai yi tunani kafin ya ci. Amma abin da ya hana ni sukuni shi ne ko an mayar da Iya cikin masu tallafi. Ranar da babana ya zo ziyara ya ce an wanke sunanta, an biya ta har na watannin da aka riƙe, kumburin ƙafarta ma ya saɓe, na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yaro. Alhamdu lillahi, ba ta mutu da laifina a kanta ba.

Da na fito, rumfar babana na koma. Warin fatar nan da na raina, yanzu shi nake shaƙa, kuma lafiya lau nake barci.

Samari, ku da ke riƙe da katin iyaye da kakanni don kun iya latsa waya, ku ji tsoron Allah. Kada wani ya ruɗe ku da cewa ba mai dubawa, yanzu lamba ɗaya ce, duk inda ka kai ta za ta haɗu da 'yar uwarta. Kuma ba kai za a fara kamawa ba, tsohuwar da ta yarda da kai za a fara kira. In kun fara cire na goro, ku tsaya tun yau, ku mayar.

Na daɗe ina zagaye lungunmu don kada in wuce ƙofar Iya. Ranar da na yi ƙarfin hali na je, tana zaune da tirenta. Na durƙusa a gabanta. Ta daɗe tana kallona, har na fara shirin tashi. Sai ta tura min kujera da ƙafa ta ce, "Mai sunan Malam, ka rame. Ka ci abinci kuwa?"